Yadda ake kallon tsoffin wasannin reslin na Meksiko, da yadda ake auna su

Tun da na fara ambaton tsoffin wasannin lucha libre, wato reslin irin na ƙasar Meksiko, tambaya ɗaya ke ta dawo mini: ta ina zan fara, kuma yaya zan gane wasa mai kyau? Wasu sun gwada da kansu, suka dawo suna cewa ba su ga komai ba sai mutum shida suna shiga suna fita ba tsari, alƙali yana tsaye yana kallonsu. Ban ga laifinsu ba. Yawancinmu da reslin ɗin Amurka muka buɗe ido, a gidan kallo ko a kaset, kuma da mudun can muke zuwa auna hatsin nan. Mudun ne bai dace ba. Ga yadda nake yi, kuma ina roƙon a bi jerin yadda yake, domin wanda ya tsallake mataki na uku zai sha wahala a na bakwai.

1. Tanadi kayan kallo

Waya ta isa. Sai abin sawa a kunne, da ƙaramin littafi da biro. Kuɗin da za ka kashe na data ne kawai, domin kusan duk wasannin da zan ambata suna YouTube kyauta, masoya wasan ne suka ɗora su.

Kada ka ɓata data wajen neman hoto mai kyau. Waɗannan wasannin daga kaset ɗin bidiyo aka kwaso su, wanda mutane suka naɗa daga talabijin a shekarun 1980 da 1990, don haka ko ka kai shi 1080p hoton ba zai ƙara fitowa ba. Ka tsaya a 360p ko 480p. Wasan rabin awa a 360p bai cika wuce MB 200 ba. Tunda kowane wasa sau biyu za ka kalle shi, gara ka sauke shi a waya lokacin da data ta fi araha.

Kada ka kashe sauti don ba ka jin Sifaniyanci. Ihun 'yan kallo, da ƙahon da suke busawa, da yadda muryar mai sharhi ke tashi tana sauka, su ne za su gaya maka inda wasan ya nufa.

Gargaɗi: manyan wasannin gaba akwai jini sosai a cikinsu. Sannan a wasu bidiyoyin, musamman na shekarun 1990 zuwa sama, akwai 'yan mata masu ɗaga allon sanarwa tsakanin zagaye da zagaye, kuma shigarsu ba irin wadda za ka so yara su gani ba ce. Ka fara kallo kai kaɗai kafin ka tara iyali.

2. Nemo wasan, kuma ka tabbatar shi ne

Da Sifaniyanci ake nema. Ka rubuta sunayen 'yan wasan biyu, da shekara, sannan ka ƙara lucha completa, ma'ana cikakken wasa. Idan ka ga resumen a kan bidiyo, taƙaitawa ce, ka wuce. Wanda aka yanke ba ya aunuwa, domin abin da masu yankan suka fi zubarwa shi ne farkon wasa, inda ake aza harsashi.

Sunayen kamfanoni uku za ka riƙa gani. EMLL ita ce uwa, tun 1933 take, kuma ita ce ta koma CMLL a 1991, gidanta Arena México da Arena Coliseo a babban birnin ƙasar. UWA ta yi zamaninta daga 1975 zuwa 1995, filinta El Toreo de Cuatro Caminos. AAA kuwa Antonio Peña ya kafa ta a 1992, ta kwashe taurari da yawa daga CMLL. Shafin Luchawiki da na Cagematch suna taimakawa wajen tabbatar da rana da wuri.

Kurakurai uku ne ke kama sabon shiga a nan. Na farko kwanan wata: Ba'amurke yana fara rubuta wata sannan rana, ɗan Meksiko yana fara rana sannan wata, don haka 6/1/90 tana iya zama 1 ga Yuni, tana iya zama 6 ga Janairu. Wani lokacin ma ranar da aka nuna wasan a talabijin aka rubuta, ba ranar da aka yi shi ba. Na biyu sunaye: El Santo, shahararren tsohon gwarzon lucha, daban, ɗansa El Hijo del Santo daban. Villano har guda biyar ne a zamanin da muke magana, 'yan gida ɗaya, da lamba ake bambanta su. Na uku, kan bidiyon ko sharhin da ke ƙasansa yakan tona wanda ya yi nasara. Idan ka ga pierde, wato ya rasa, to an riga an gaya maka ƙarshe.

Kada ka wahalar da kanka neman wasannin El Santo na ƙuruciyarsa, kamar karawarsa da Black Shadow ta 7 ga Nuwamba 1952. Tun tsakiyar shekarun 1950 aka cire wasan daga talabijin a babban birnin, ya daɗe bai dawo ba, don haka abin da ya rage na wancan zamani mafi yawansa gutsattsari ne daga finafinai. Cikakkun wasanni masu yawa daga wajen 1983 suke farawa, kuma daga 1989 zuwa sama ne suka wadata.

3. Gane irin wasan da ke gabanka

Wannan shi ne matakin da komai ya rataya a kansa. Lucha ba abu ɗaya ba ce, aƙalla kashi uku ce, kuma abin da ke sa ɗaya ya yi kyau shi ne zai ɓata ɗayan.

Akwai wasan kambu, campeonato. Za ka gane shi tun kafin a fara: ana ɗaga bel ɗin a nuna, wakilin hukumar dambe da kokawa yana wurin, kowane ɗan wasa da mai tsaya masa riƙe da tawul. A nan hatta mugu yakan ajiye muguntarsa ya yi kokawa mai tsafta. Wasa ne na kamu da murɗiya a ƙasa, abin da suke kira llaves, wato makullai: wannan ya kulle, wancan ya nemo mabuɗi ya kuɓuce ya kulle nasa. Wanda ya zo neman naushi da jini a wasan kambu zai ce babu daɗi, alhali shi ne ya shiga rumfar da ba a sayar da abin da yake nema.

Akwai wasan jingina, lucha de apuestas. Ɗan wasa yana jinginar da gashin kansa, ko máscara ɗinsa, wato hular nan da ke rufe kai da fuska gaba ɗaya, wadda zan riƙa kira takunkumi. Máscara contra máscara takunkumi da takunkumi ke nan, cabellera kuma gashi. Wannan shi ne ƙarshen gaba, bayan watanni ko shekaru ana jan zare. Ana yage takunkumi, ana cizon goshi, ana buga kai da turken ƙarfe. Kowa ya san sakamakon reslin shiryayye ne, a Meksiko kamar ko'ina. Amma asarar ba ta wasa ba ce. Wanda aka cire wa takunkumi a gaban dubban mutane an cire masa ke nan, hukuma ba ta barinsa ya mayar gobe ya ci gaba kamar ba a yi komai ba, kuma sau da yawa sirrin da ya shekara ashirin yana ɓoyewa ne ya tonu a daren.

Sai wasan uku-uku, trios, wanda shi ne abincin yau da kullum. Kaso mafi yawa na abin da za ka tarar shi ne. Wani lokacin nishaɗi ne zalla, wani lokacin kuma an shirya shi ne don mutum biyu daga cikin shidan su hura wutar gabar da za ta kai su wasan jingina. Idan ka ga biyu sun bar sauran suna ta yagar takunkumin juna, daga ƙarshe ɗaya ya karɓi makirufo yana nuna kansa da yatsa, to ƙalubale yake jefawa. Ka rubuta sunayensu, ka nemi wasan da ya biyo baya.

A kowane kashi akwai ɓangare biyu: técnicos da rudos. Da harshen masu kallon fim, akta da bos. Amma rudo ya fi bos ɗin da muka sani faɗi. Yana da nasa magoya baya a filin, kuma salon kokawarsa ne daban, ba halinsa kawai ba.

4. Haddace dokoki kaɗan

Yawancin wasannin zagaye uku ne, wanda ya ci biyu ya yi nasara. Suna kiran zagayen caída. Ni turmi nake kiransa, kamar na dambe, kuma za ka ji mai sanarwa yana cewa dos de tres caídas, biyu cikin uku.

A wasan uku-uku kowane ɓangare yana da kyaftin. Ana cin turmi idan an kayar da kyaftin shi kaɗai, ko kuma an kayar da sauran biyun. Shi ya sa za ka ga an danne mutum an ƙirga uku amma ba a tashi ba. A wasan biyu-biyu sai an kayar da duka biyun.

Ba dole sai an taɓa hannu ake canji ba. Da zarar ɗan wasa ya faɗa wajen dandamali, abokinsa yana iya shigowa. Wannan dokar ita ce ta fi rikita mutane, kuma da ka gane ta, rabin abin da kake ɗauka hargitsi zai zama tsari. Ƙirgar waje kuma ashirin ce, ba goma ba.

Abubuwan da ke jawo a kori mutum daga turmi: dukan ƙasan mara, wanda suke kira foul, da cire wa abokin karawa takunkumi gaba ɗaya, da dukan da ya wuce kima bayan an riga an gama da mutum, da kuma martinete, wato a kifa mutum a soka kansa ƙasa. Wannan na ƙarshe haramun ne a can, kuma 'yan kallo suna ɗaukarsa kamar yunƙurin kisa. Wanda aka yi wa shi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya ake fitar da shi.

Gargaɗi: kada ka rage wa wasa maki don ya ƙare da kora. A Meksiko ƙarshe ne karɓaɓɓe. Ranar 3 ga Afrilu 1992 a Arena México, Love Machine, Ba'amurken nan Art Barr, ya rasa takunkuminsa a hannun Blue Panther ne saboda ya yi masa martinete. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

5. Bi wannan jerin a kallonka na farko

Wasa biyar, kuma a wannan jerin.

Ka fara da abin da ya fi kusa da idonka: Octagón da El Hijo del Santo a gefe guda, Eddie Guerrero da Art Barr a ɗaya gefen, 6 ga Nuwamba 1994 a Los Angeles, takunkumi biyu da gashi biyu. Idan ka saba da reslin ɗin Amurka ka san Eddie, kuma akwai kwafin da ke da sharhin Turanci. A turmi na uku Barr ya faki idon alƙali ya yi wa Octagón martinete, aka bar Santo shi kaɗai da mutum biyu. Sai Blue Panther, wanda ke tsaya wa su Santo a gefe, ya shigo ya rama a kan Barr irin abin da Barr ɗin ya yi masa shekara biyu da rabi da suka wuce. Wanda bai san labarin 1992 ba zai ga katsalandan ne kawai. Wanda ya sani zai gane dalilin da filin ya ɗauki ihu haka. Barr ya rasu kwana goma sha bakwai bayan wannan wasan.

Na biyu, Atlantis da Villano III, 17 ga Maris 2000, Arena México, takunkumi da takunkumi, turmi ɗaya. Idan mutum zai kalli wasa ɗaya tak a duk tarihin lucha, ni wannan zan ba shi.

Na uku, MS-1 da Sangre Chicana, 23 ga Satumba 1983, bikin cikar EMLL shekara 50, gashi da gashi. Babu alkafura, babu ado. Duka ne da jini.

Na huɗu, sai yanzu ka shiga wasan kambu: El Dandy da Ángel Azteca, 1 ga Yuni 1990. Idan ya yi maka, ka bi shi da Atlantis da Blue Panther na 9 ga Agusta 1991.

Na biyar, uku-uku: Los Infernales, wato Satánico da MS-1 da Pirata Morgan, da Los Brazos, 22 ga Nuwamba 1991. Na bar shi ƙarshe da gangan, ko da yake shi ne irin wasan da ya fi yawa, domin sai ido ya saba yake iya bin mutum shida a lokaci guda.

6. Kallo biyu, kowanne da aikinsa

A kallon farko ka ajiye biro. Kada ka tsayar, kada ka mayar baya, kada ka tura gaba ko da shigowar 'yan wasa ce, domin wani lokacin a nan wasan ke farawa. A 1990, Cien Caras ya fasa wa Rayo de Jalisco Jr. jita a ka tun kafin a busa usur, kuma duk abin da ya biyo baya a kan wannan dukan aka gina shi. Da ka gama, ka rubuta layi ɗaya: me ka ji, kuma a wane wuri ka ji shi.

Kada ka kashe bidiyo da an ƙirga uku. A wasan jingina abin da ke biyo baya yana cikin wasan. Wanda ya faɗi zai kwance igiyar takunkuminsa, a sanar da sunansa na gaskiya da garinsu da shekarun da ya yi yana kokawa, ko kuma ya tsaya a aske shi a gaban jama'a. Daren da Villano III ya faɗi, mahaifinsa Ray Mendoza, tsohon gwarzo, yana cikin dandamalin, aka sanar da cewa sunan Villano III na gaskiya Arturo Díaz Mendoza, kyamara tana nuna manyan mutane a cikin 'yan kallo suna share hawaye. Na taɓa kallon wannan wurin da wani ƙanena a waya ɗaya, kowa da kunne guda na abin saurare. Bai san kalma ɗaya ta Sifaniyanci ba. Da fuskar mutumin ta bayyana, goshin nan duk tabon tsoffin raunuka, sai ya ce mini, “Yaya, ashe dattijo ne.” Daga nan bai ƙara cewa komai ba har bidiyon ya ƙare.

Kallo na biyu ka bari sai washegari. Ka raba shafi gida uku, turmi-turmi. A kowane gida ka rubuta tsawonsa, wanda ya ci, da abin da ya ci da shi, da wanda ya riƙe ragamar wasan, da lokacin da ragamar ta sauya hannu. Wannan na ƙarshe ya fi sauran muhimmanci.

7. Tambayoyin da za ka yi wa wasan

Ka fara da ginin turmi ukun. A al'ada na farko yana da ɗan tsawo, na biyu gajere ne, na uku shi ne mai nauyi. Kada ka yi mamakin ganin gwarzo ya miƙa wuya da wuri a turmin farko ga kamun da bai kai ya kawo ba. Hikimar ita ce yana da sauran turmi biyu a gaba, ba zai bari a karya shi tun yanzu ba. Abin dubawa shi ne ko a turmi na uku ya jure irin wannan kamun. Idan juriyar ta ƙaru yadda haɗarin ya ƙaru, ginin ya yi. Idan turmi biyun farko an yi su ne kawai don a sauke nauyi, ka rage maki, ko a wasan manya ne. Wannan aibi ne da ke yawan faruwa, kuma ba na yafe shi.

Sai ramuwa. A wasan jingina da na uku-uku, rudo yakan daɗe yana jibgar técnico, kuma darajar wasan tana ga lokacin da aka juya. An ja shi har ran 'yan kallo ya kai wuya, ko an yi gaggawa? A nan ne MS-1 da Sangre Chicana suka zama abin koyi. MS-1 ya far masa tun kafin ya shirya, ya fasa masa goshi, ya yi ta jansa a ƙasa har turmin farko ya wuce Chicana bai yi abin kirki ba. Da ramuwar ta zo, naushi ne na hannun hagu, daga mutumin da ko tsayuwa ba ya iya yi sosai. Ka mayar da wurin baya ka saurari filin. Naushi ɗaya ya tayar da mutanen da alkafura ashirin ba za ta tayar ba, saboda an sa su jira.

A wasan kambu tambayar daban ce: kamun yana da wahala, ko ba da hannu ake yi? Ka dubi wanda aka kulle. Yana neman mafita, yana gwada wannan ta ƙi ya gwada waccan, ko yana kwance yana jiran lokacinsa ya yi? Gwanaye irin Blue Panther da Dandy da Satánico suna sa ka ga kamar kowane makulli sai da aka yi gumi aka buɗe shi. Za ka kuma lura suna yawan mirginawa maimakon faɗuwa da baya warwas kamar 'yan Amurka. Dandamalin can tauri ne da shi, haka aka koyar da su, ba tsoro ba ne.

Ka koyi sunan kamu huɗu ko biyar domin ka gane lokacin da aka zo kashewa. La de a caballo, a hau bayan mutum a ja haɓarsa, ita ce ta gidan Santo. La casita, naɗewar da Negro Casas ke danne mutum da ita. La Atlántida, Atlantis ya saɓa mutum a kafaɗa ya lanƙwasa bayansa. La tapatía, a ɗaga mutum sama a kan ƙafafu a ja hannayensa. Idan ka san su, za ka gane dalilin da filin ke miƙewa tsaye tun kafin a gama ɗaura kamun.

Game da sufa zuwa waje, tope ko plancha, kada ka ƙirga yawansu. Ka duba lokacin da aka yi, da abin da ya biyo baya. A tsoffin wasanni galibi a turmi na uku take zuwa, kuma duka biyun sukan daɗe a kwance alƙali yana ƙirga. Sannan ka sa ido a kan wanda ya tare, ba wanda ya tashi sama kaɗai ba. Wannan ne sirrin da na fi daɗewa ban gane ba. Técnico yana walƙiya ne saboda akwai rudo a ƙasa da ya tsaya daidai, ya karɓi nauyinsa, ya juya da shi, ya faɗi kamar an harbe shi. Ka ware kallo guda ka bi Pirata Morgan ko Emilio Charles Jr. ko Fuerza Guerrera da ido kawai, ka manta da sauran. Ƙyallen da Pirata ke rufe ido da shi ba kwalliya ba ce, a fagen wasa ya rasa idon.

A uku-uku ka tambaya: kowa ya san aikinsa? Wasa mai kyau yana haɗa su biyu-biyu da farko, kowane haɗi da ɗanɗanonsa, sannan a cakuɗe. Barkwanci kuma ba aibi ba ne. Brazo de Plata, mai ƙiba a cikin Brazos, yana iya sa fili dariya yanzu, an jima kaɗan ya sa su tausaya masa.

Alƙali ma ɗan wasa ne. Akwai waɗanda aka san su da goyon bayan rudos a fili, kamar El Tirantes a AAA. Idan son kansa ya ƙara wa 'yan kallo haushin da za a huce a ƙarshe, ya yi aiki. Idan ya janye hankali daga 'yan wasan zuwa kansa, ka rage.

Daga ƙarshe, 'yan kallo. Su aka yi wa wasan, ba mu ba. Idan ka ga ana jefa kuɗi cikin dandamali bayan an tashi, yabo ne mafi girma a wurinsu, kamar liƙi a wajenmu. Amma ihu shi kaɗai ba hujja ba ne. Wani tauraron ko tsayawa kawai ya yi za a yi masa ihu.

8. Ba da maki, sannan ka duba na wasu

Ni a kan goma nake bayarwa, kuma ina rubuta irin wasan a gefen makin: kambu, jingina, ko uku-uku. Ba na gwada takwas ɗin wannan da takwas ɗin wancan. A ƙarƙashin makin nakan rubuta jimla biyu, abin da ya ɗaga wasan da abin da ya rage shi. Maki ba dalili ba ya amfanar kowa, har da kai bayan wata shida.

Gargaɗi: kada ka duba makin wasu kafin ka rubuta naka. Dave Meltzer na Wrestling Observer ya ba wasan Los Angeles na 1994 tauraro biyar, masu karanta mujallarsa kuma sun zaɓi na Atlantis da Villano III a matsayin wasan shekarar 2000. Sanin haka yana da amfani, amma yawancin masu ba da maki da Turanci idonsu da wasan Amurka da Japan ya saba, kuma wasannin Meksiko da yawa ba su kai gare su a lokacin ba. Rashin maki ba ya nufin rashin kyau.

Kada kuma ka hukunta wasa da laifin kaset. Idan hoto ya yanke ko an tsallake wani yanki, ka rubuta cewa kwafin bai cika ba, ka nemi wani.

Kuskure na ƙarshe shi ne auna wasa ba tare da sanin matsayin mutanen a lokacin ba. El Hijo del Santo da Negro Casas sun yi takunkumi da gashi a Los Angeles ranar 18 ga Yuli 1987, suka sake a Arena México ranar 19 ga Satumba 1997. A na farko Santo ne técnico. A na biyu ya riga ya koma rudo tun ƙarshen 1996, abin da ya girgiza masoya gidansu, Casas kuma ya koma ɗaya ɓangaren. Mutum biyu ne, jingina iri ɗaya, amma wanda ya kalle su da ido ɗaya zai kasa fahimtar na biyun.

9. Ɗauki mutum ɗaya ka bi shi shekara guda

Bayan wasa biyar ɗin nan, ka daina tsalle daga shahararre zuwa shahararre. Ka zaɓi ɗan wasa ɗaya da shekara ɗaya, ka bi shi mako-mako gwargwadon abin da ka samu, har da ƙananan wasannin uku-uku da ba wanda ke ambata. Ina ba da shawarar El Dandy a 1990. Za ka gan shi a watan Yuni yana kokawar makullai da Ángel Azteca, sannan ka ga yadda gabarsa da Satánico ta yi ta ruruwa a wasannin uku-uku, har ta kai su gashi da gashi ranar 14 ga Disamba. Wasa biyu ko uku a mako ya isa. Ka buɗe sabon shafi a littafinka, ka rubuta sunansa a sama, ka fara da wasan farko da ka samu na watan Janairu.